Mai Kumfa da Tauraron da Ya Gan Shi

In Mai Kumfa ya zo gidanka, kada ka yi saurin miƙa masa kujera, don ba zama zai fara yi ba. Zai gaisa da kai a tsaye, ya tambayi iyali, sannan ya ce, “Ina kicin ɗinku?” Kafin ka ba shi amsa ya riga ya durƙusa gaban tukunyar gas, ya zaro 'yar kwalbar ruwan sabulu daga aljihu, ya shafa a bakin tiyo, ya zuba ido. In kumfa ba ta taso ba, sai ya miƙe ya karɓi ruwan da aka kawo masa. In ta taso kuwa, ranar matar gidan ta shiga uku da wa'azi. Ya yi haka a gidan surukan 'yarsa ranar da ya fara taka gidan, ya yi a gidan rasuwa ana tsakiyar kuka. Matarsa ta yi faɗan har ta gaji.

“Baban yara, mutane fa sun fara tura tukunyarsu bayan ƙofa in sun ji sallamarka.”

“Su tura,” in ji shi. “Ita iskar ba ta san bayan ƙofa ba.”

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki a tashar gas da ke bayan gari, tafiyar minti arba'in a motar ma'aikata. Iskar tana zuwa daga rijiyoyi ta cikin manyan bututai, injunan tashar su matsa ta, su tura ta gaba inda ake kunna wutar lantarki da ita. Duk inda bututu ya haɗu da bututu akwai gaɓa, an ɗaure ta da notuna, kuma duk gaɓa tana iya yoyo. Gaɓoɓin ɓangarensa ɗari huɗu da goma sha bakwai ne, ya san halin kowace: wadda ke saki in rana ta yi zafi, wadda girgizar inji ke kwance wa noti, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Warin da kuke ji a kicin zuba shi ake yi daga baya don hanci ya farga. Ita wadda ke ratsa tasharsu ba wari ba launi, ko dab da fuskarka take fita ba za ka sani ba. Don haka kayan aikinsa uku ne: gwangwanin ruwan sabulu, burushin fenti, da alli. Ya shafa, ya sunkuya, ya jira. Yakan ce akwai kumfar da ke fitowa nan take, kowane rago zai gan ta; akwai kuma mai jan rai, sai ka ƙirga arba'in kafin ta kumbura kamar kan allura, kuma yawancin mutane a ashirin suke miƙewa.

A bakin ƙofar tashar akwai allon tagulla. A kansa ake sassaƙa sunan ma'aikacin da ya kai ritaya ba a taɓa samun aibu a aikinsa ba. Tun da aka gina tashar sunaye tara kacal suka hau. Na huɗu na ubangidansa ne, wanda ya koya masa aiki, wani dattijo da ƙarar injuna ta cinye wa kunne har aka koma kiransa Kurma, shi kuma bai damu ba tunda ba ji yake yi ba. A ƙarƙashin suna na tara akwai fili kamar faɗin yatsu biyu. Mai Kumfa bai taɓa yi wa kowa maganar filin nan ba, amma kullum da safe in ya sauko daga mota sai ya rage tafiya a gabansa, wai yana gyara igiyar hular kwano. Saura wata bakwai ya ajiye aiki. Yana son filin nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma matarsa ta sani.

Labarin wata sabuwar doka a bakin ƙanin matarsa ya fara jin sa da kyau. Manomi ne, yana da gonar shinkafa da 'yan shanu, kuma tsakaninsa da Mai Kumfa tsiya ce tun ranar da suka fara haɗuwa. Wata Asabar ya shigo yana huci, ya zube a kujerar falo.

“Yaya, ka ji abin da gwamnatinku ta fito da shi? Malamin gona ya tara mu ya ce daga bana ba za a bar shinkafa tsaye cikin ruwa daga dashe har girbi ba. A janye ruwa, ƙasa ta sha iska 'yan kwanaki, a mayar. Wai lakar da ke ƙarƙashin ruwa tana fitar da wata iska mai dumama duniya. Kuma wai shanuna ma in sun yi gyatsa ita ce. Gyatsa fa, Yaya! Saura a ba kowace saniya takardar gargaɗi.”

Mai Kumfa ya yi dariya har da buga cinya. “Kai ma a duba ka, don na sha jin taka bayan cin abinci.”

“Yi dariyarka. Malamin ya ce irin wadda ke cikin bututanku ce sak, kuma ku ne a sahun gaba a dokar. Mu lallaɓa mu ake yi, wanda ya bi a ba shi iri mai kyau. Ku kuwa sanda aka tanadar muku.”

“Su zo,” in ji Mai Kumfa, yana miƙe ƙafa. “A ɓangarena ko ƙuda bai samu abin shaƙa ba.”

Gaskiyar manomin ce. Dokar ta ce duk tashar gas ta nemo inda iska ke zurarewa ta toshe cikin wa'adi, in ta kasa a rufe ɓangaren. Ba a yi mako uku ba manaja ya aika a kira Mai Kumfa ofis. Manajan matashi ne, shekararsa biyu a tashar, mutum mai fara'a da girmama manya, amma ranar fuskarsa ba annuri. Ya jera hotuna uku a kan tebur. An ɗauke su daga sama, tashar ta koma kamar kwalin ashana a tsakiyar gonaki. A kowane hoto akwai wani tabo shuɗi-shuɗi mai duhu da ya taso daga gefen gabas ya miƙe ya haye shinge.

“Yallaɓai, wa ya hau jirgi ya ɗauko wannan?”

“Ba jirgi ba ne, Baba. Tauraron ɗan'adam ne. Daga can sama da gajimare, nisan ɗaruruwan kilomita, yake hango iskar. Hukuma ce ta aiko mana.”

Mai Kumfa ya ɗauki hoto ɗaya da hannu biyu. Shi da yake kai hancinsa dab da ƙarfe bai taɓa ganin abin nan da ido ba, sai ga wani ƙarfe da mutum ya ƙera ya harba sama ya hango shi daga inda ko ungulu ba ta zuwa. Mamaki ya riga tsoro zuwa, sai da manaja ya sake magana sannan tsoron ya iso.

“Gefen gabas naka ne, Baba. Sa hannunka ne a kan kowace takarda. Ranar Laraba za su turo mai bincike. In gaɓa ce ke yoyo…” Bai ƙarasa ba, ya dai kalli taga, wadda ta cikinta ake hango bakin ƙofa.

Kwana biyu Mai Kumfa ya yi yana sake bin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, har gwiwoyinsa suka kumbura. Biyu kawai ya samu masu 'yar kumfa mai jan rai, ya zagaye su da alli, ya rubuta a takarda a zo a ɗaure. Amma ya san waɗannan ba za su yi tabon da za a hango daga sama ba, kuma rashin sanin inda abin yake ya hana shi cin abinci.

Mai binciken ba ta iso ba sai bayan azahar, hanya ta riƙe ta. Injiniya ce, 'yar siririya, ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba, hular kwanon ma ta yi mata yawa. Ta gaishe shi har da rusunawa. Ta buɗe baƙar jaka ta fito da kyamara mai nauyi, mai wurin kafa ido. Ta ce sunan iskar a boko metan, kuma wannan kyamarar tana ganin ta. Da ta lura da irin kallon da yake yi wa kyamarar, sai ta ja shi wajen shinge, inda ba a hana wuta ba, ta ari laitar direbanta.

“Baba, sa idonka nan. Ba zan ƙyasta ba, dannawa kawai zan yi.”

Ya kafa ido. Duniya ta koma fari da toka-toka, hannun yarinyar yana haske. Ta danna. Sai ga baƙin hayaƙi ya fito daga bakin laitar, yana murɗawa, yana lanƙwasa, yana bin iska. Ya ɗago kai da sauri: babu komai, laita ce a hannun mutum. Ya mayar da ido: ga shi nan yana tashi. Ya ɗago, ya mayar, ya ɗago, ya mayar.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ikon Allah. 'Yata, ashe haka kamarta take?”

“Ta cikin bututanku ma haka za ta fito, Baba.”

Shekara talatin da ɗaya yana bin sawun abu, yana gane shi ta kumfa kawai, yau ya ga yadda yake tafiya. Ba ya son ya miƙa kyamarar, sai da direba ya yi gyaran murya yana neman laitarsa.

Suka shiga aiki. Yana gaba yana nuna gaɓa, tana biye tana haskawa. Da farko da sauri take tafiya, irin ta wanda ya san zai samu abin da ya zo nema. Da suka wuce ɗari ta rage sauri. Da suka kai ɗari biyu ta fara duba kyamarar ko ta lalace. Biyun nan da ta samu, ta tarar da da'irar alli ta riga ta zagaye su. Magariba ta kusa suka tashi, washegari suka ci gaba tun da sassafe, kuma ƙarfe goma da minti ashirin suka gama gaɓa ta ɗari huɗu da goma sha bakwai. Injiniya ta zauna a kan matakala ta cire hula.

“Baba, tasha goma sha ɗaya na duba a bana. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Da sabulu da burushi?”

“Da haƙuri, 'yata,” in ji shi, yana ƙoƙarin danne murmushi, ya kasa. Wani sanyin daɗi ya sauko masa tun daga kai har gwiwoyin da ke ciwo.

“To amma daga ina tabon yake?”

Ya duba agogo. “Ki yi tunaninki, ina zuwa. Bari in zubar da ruwa.”

Akwai wani aiki da ban gaya muku ba, ba don ɓoyo ba, sai don shi kansa bai taɓa sa shi a lissafin aiki ba, kamar yadda mutum ba ya sa wanke fuska. Iskar da ke zuwa daga rijiya tana tafe da danshi, ruwan yana taruwa a gindin wani dogon tanki. In ba a fitar da shi ba, ya shiga inji ya yi ɓarna. Don haka kullum ƙarfe goma da rabi Mai Kumfa yakan murɗa wani bawul mai kai kamar sitiyarin mota. Ƙarfin iskar ya tunkuɗo ruwan ya faɗa rami, abin da ya biyo baya ya haye wani dogon bututu mai kallon sama, wanda ma'aikata ke kira Maƙoshi. Yadda Kurma ya koya masa shi ne: ka buɗe, ka zagaya filin tankuna sau uku a hankali kana duba agogunan awo, ka dawo ka rufe. Zagaye ukun nan minti ashirin ne. Ƙarar Maƙoshi ta zama jiki a tashar, har da ita masu shayi ke sanin lokacin ɗora ruwa.

Ya murɗa, ƙara ta tashi, ya kama zagayensa hannu a baya. Yana tsakiyar na biyu ya ji ana ƙwala masa kira.

“Baba! Baba, zo!”

Tana tsaye a tsakiyar fili, kyamara tana kallon sama, bakinta a buɗe. Ta miƙa masa kyamarar.

Abin da ya gani ba hayaƙin laita ba ne. Daga bakin Maƙoshi wani baƙin ginshiƙi ne ke tashi, ya fi tankin kansa kauri, yana tumbatsa yana naɗewa cikin kansa, ya wuce turakun fitila, ya wuce hasumiyar ruwa, sannan iska ta lanƙwasa shi ya haye shinge ya shimfiɗu a kan gonaki har inda kyamarar ta daina gani. Wasu tsuntsaye suka ratsa ta tsakiyarsa suka fita ba su san sun shiga komai ba. Ya ɗago kai. Sama shuɗiya ce tar, ko ɗigon gajimare babu, irin safiyar da mutum ke cewa yau gari ya yi kyau. Ya mayar da ido, ginshiƙin yana nan yana hawa. Bai taɓa ganin abu mai girma da ban tsoro haka ba, kuma hannunsa ne ya buɗe shi. Ya dangwarar mata da kyamarar ya ruga, dattijo mai kumburarrun gwiwoyi, ya kama sitiyarin da hannu biyu ya murɗa har ya ƙure. Tashar ta yi tsit, har masu shayi suka leƙo.

Injiniya ta zaro hotunan nan uku daga jaka, ta nuna masa ƙananan lambobi a kusurwa: goma da minti arba'in da ɗaya, goma da arba'in da shida, goma da arba'in da uku. Ta ce tauraron ba kullum yake bi ta kansu ba, amma duk ranar da ya bi, a wannan sa'ar yake bi, haka aka tsara tafiyarsa.

“Kai ba ka makara, Baba,” ta ce a hankali. “Shi ma ba ya makara.”

Ya ɗaga kai ya dubi saman da babu komai. Ashe duk safiyar da yake zagayensa hannu a baya, akwai ranar da wani abu ke wucewa ta kansa cikin shiru, ya dube shi, ya rubuta.

Ta nemi littafin ƙa'idar aiki, aka ɗauko shi daga kabad, ya sha ƙura. Ta karanta da ƙarfi: a buɗe ƙarfe goma da rabi, a rufe da zarar ruwa ya ƙare, kada ya wuce minti biyar. Ta dubi lambobin hotunan, ta dube shi. “Gobe da safe zan rubuta bayaninka, Baba,” ta ce, ta rufe littafin.

Yana zaune shi kaɗai a inuwar tanki abin ya faɗo masa. In an buɗe bawul, da farko ƙarar mai kwarara ce, ta ruwa. Bayan kamar minti ɗaya da rabi sai ta koma busasshiyar fito. Kullum yana jin wannan sauyin, kullum, bai taɓa tambayar kansa ma'anarsa ba. Ruwan ne ya ƙare! Kurma ba ya jin sauyin, shi ya sa ya ƙirƙiri zagaye uku don ya tabbata. Shi kuwa mai lafiyayyun kunnuwa biyu ya gaji kurumtar ubangidansa, ya riƙe ta gam shekara talatin da ɗaya, don a wurinsa abin da Kurma ya yi ba a taɓa shi. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, sai ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa.

Da yamma manaja ya kira shi, ya rufe ƙofa da kansa, ya zuba masa ruwan sanyi.

“Baba, ba wanda zai ce ka yi da gangan. Yau kaɗai ta gani, kuma yau ɗin kana nuna mata ne. Gobe ka ce minti biyar kake yi kamar yadda littafi ya ce, lambobin hoto kuwa na'ura ce, tana kuskure. Doka ta ce a ja sabon bututu ya mayar da iskar cikin layi, za a ja, amma sai nan da wata biyar. Kafin nan ka mayar da zubar ruwan ƙarfe huɗu na yamma. Hoto ya fito fes, tasha ta huta, kai ma ka huta. Ni da hannuna zan kai sunanka wurin mai sassaƙa.”

Ba mugu ba ne manajan, tsoro yake ji, yana da nasa iyalin. Mai Kumfa ya ce, “Na ji, yallaɓai,” ya fita bai sha ruwan ba.

A gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya. Ya tsaya a bakin igiya ya gaya mata komai, har da Kurma, har da allon. Ta ci gaba da ninke riga ba ta dube shi ba.

“To in ka mayar ƙarfe huɗu, iskar za ta fasa fita?”

“Ba za ta fasa ba.”

“Shi ke nan tambayata,” ta ce, ta ɗora masa tulin kayan a hannu. “Kai ɗaki. Kuma yau sai ka ci abinci, na gaji da ɗumame.”

Washegari a ofis, a gaban manaja, Injiniya ta buɗe takarda ta tambaye shi minti nawa yake barin bawul a buɗe.

“Ashirin,” ya ce. “Kullum. Shekara talatin da ɗaya. Ki rubuta ba wanda ya sa ni, kuma littafin yana nan ban karanta ba. Ki rubuta gaɓoɓina lafiya lau suke, wannan ma gaskiya ce.”

Manaja ya sunkuyar da kai. Alƙalamin Injiniya ya tsaya. “Baba, ka san abin da wannan zai jawo maka?”

“Na sani, 'yata. Tambaya ɗaya gare ni. Shi wancan na sama, ƙarfe nawa yake isowa daidai?”

“Tsakanin goma da arba'in zuwa da arba'in da shida.”

“To daga yau goma da arba'in da biyu zan riƙa buɗewa. In na buɗe da rabi na rufe da wuri, zai zo ya tarar na gama, a ce ɓuya na yi. Ya zo ya same ni a kai. Abin da ya gani shi ke nan.”

Haka ya yi har wata biyar. Ya daina zagaye. Yakan tsaya da hannu biyu a kan sitiyarin, ya karkata kai, ya rufe ido, ya buɗe kaɗan-kaɗan ba gaba ɗaya ba. Da kwararar ta fara siranta, kafin fito ya kama, ya murɗa ya rufe. Masu shayi suka rikice, sai da suka sayi agogon bango. Wani lokaci in ya rufe yakan ɗaga kai ya dubi sama, ba ya ganin komai, amma bai ƙara jin cewa shi kaɗai ne a filin ba. A wata na biyar masu walda suka zo suka ja sabon bututu, aka toshe bakin Maƙoshi da farantin ƙarfe. Ƙanin matarsa ya zo da labarin cewa shinkafar da aka janye wa ruwa ba ta mutu ba, saiwarta ma ta fi shiga ƙasa, amma ya rantse gyatsar shanunsa ba mai taɓa ta.

Ranar ritaya aka yi shayi da jawabi, aka ba shi hannu. Rahoton yana ɗauke da sunansa, ƙa'idar allon kuma ba ta da sassauci. Ya wuce ta bakin ƙofa, filin nan mai faɗin yatsu biyu yana nan wayam. Kada wani ya ce muku bai ji zafi ba. Ya ji, ƙwarai, har ya yi sati bai fita ƙofar gida ba, kuma in jikokinsa suka tambaye shi labarin tasha sai ya ce su je su yi wasa.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidan. Injiniya ce, ba hular kwano, sai da ta yi magana ya gane ta. Ta ce wucewa take yi zuwa wata tashar, ba za ta zauna ba. Ta miƙa masa ambulan da hannu biyu.

“Sai yanzu ya iso hannuna, Baba. Ka duba kwanan wata.”

Ya sa tabarau. Hoto ɗaya ne, tashar daga sama, kwalin ashana a tsakiyar gonaki. Ya duba gefen gabas, ya sake dubawa, ya karkata hoton wajen haske. Babu tabo. Sannan ya kai ido kusurwa. Kwanan watan ya riga zuwan masu walda da wata uku, lokacin Maƙoshi yana nan a buɗe, ba sabon bututu, ba komai sai kunnensa. Lokacin kuwa goma da minti arba'in da uku.

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. “Ni dai ban ga komai ba sai rufin kwano da gonaki.”

Ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo fari, wato tankin.

“Ina nan,” ya ce. “A wannan mintin ina nan tsaye, hannuna a kan bawul, kuma a buɗe yake. Ya zo, ya duba…”

Injiniya ta kawar da kai ta dubi titi. Matarsa ta zare tabaran daga hancinsa, ta goge su da bakin mayafinta, ta mayar masa, shi kuwa bai ɗauke yatsansa daga wurin ba.